Tambayi Likitan Dabbobi: A huda ƙashin karen Baba ne ko a ƙyale shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dokta barka da aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema a madadin mahaifina, shi mafarauci ne tun yana saurayi har yanzu da girma ya zo in rani ya yi ba ya iya zaman gida. Yana da wani kare da yake ji da shi fiye da duk sauran, uban karen irin na tseren nan ne na Turawa masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki da ake cewa girehawun, uwar kuma tamu ce ta gida, wlh in ya tasar wa zomo sai dai kawai a je a ɗauko. Shekararsa 8 yanzu. Tun bayan girbi ya fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama muka ce ko ƙaya ya taka, mun duba ba komai, sai muka ce targaɗe ne aka riƙa gasa masa da ruwan zafi, toh sai kumburi ya fito a saman wuyan ƙafar mai tauri sosai, ba rauni ba ruwa ba mugunya, yanzu ko taka ƙafar ba ya son yi kuma da daddare kuka yake yi ƙasa-ƙasa. Mun kai shi wani asibitin dabbobi a Kano an yi masa hoto, likitan yace yana zargin dajin ƙashi ne amma ba zai tabbatar ba sai an yi masa allurar barci an huda ƙashin an ciro ɗan guntu an aika gwaji. Muna fitowa wani abokin aikinsa ya ja ni gefe yace shi a ganinsa kar a huda, ƙafar za ta iya karyewa. Abokan farautar Baba kuma sun ce jifa ce aka yi wa karen saboda hassada, a kai shi wajen maɗori. Baba ya rasa ta wa zai ɗauka ga kuɗin gwajin ba kaɗan ba. Dokta mu huda ko kar mu huda? Na gode.

Daga wani matashi, yankin Babura, Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida min Baba da kyau ka ce ina yi masa sannu, don wanda bai taɓa kiwon karen farauta ba ba zai san abin da ke cin ransa ba.

Bari in faɗa maka inda na karkata tun yanzu kar in ja ka da nisa. A kan bayanin da ka ba ni, ni ba zan yi gaggawar huda ƙashin nan ba. Amma fa likitan farko bai yi kuskure ba, haka ƙa'idar aikin take, ba a rantsewa cewa abu daji ne sai an sa naman a madubin gwaji an gani. Shi ma na biyun gaskiya ya faɗa maka. Kuma ka tuna ni ban ga hoton ba, su sun gani, saboda haka abin da zan faɗa ka koma da shi wajensu ne ku tattauna.

Dalilin da ya sa zargin nasu yake da ƙarfi shi ne kusan duk abin da ka lissafa ya yi daidai da ciwon da muke kira ostiyosakoma, wato dajin da ke tsirowa daga cikin ƙashin kansa. A karnuka shi ne ya kwashe wajen kashi 85 cikin 100 na dajin da ke farawa daga ƙashi. Ya fi kama manyan karnuka masu dogayen ƙafafu, kuma girehawun na cikin sahun gaba tare da irin su rotwaila da giret den. Ya fi zuwa a shekara 7 zuwa 9 ɗin nan, naku na da 8. Ya fi kama ƙafar gaba kusan ninki biyu a kan ta baya, kuma yana da wuraren zamansa da ɗalibai ke haddacewa: a ƙafar gaba nesa da gwiwa, wato can sama kusa da kafaɗa ko can ƙasa a saman wuyan ƙafa, a ta baya kuma kusa da gwiwa. Kai kuma ka ce min saman wuyan ƙafar gaba. Kaga ai ba haka kawai likitan ya faɗi ba. Kukan daren ma nasa ne, ciwon cikin ƙashi ba ya lafawa don an kwanta, targaɗe kuwa da tuni ya yi sauƙi.

Maganar jifa ba zan yi gardama da dattawa ba, sai dai in ce a Ingila da Amurka inda ake tseren karnukan nan a fili, masu gudun wajen kilomita 70 a awa, wannan ciwon na cikin manyan abubuwan da ke kashe su bayan sun yi ritaya. 

Yanzu ita hudar, wadda a asibiti za ka ji suna cewa bayofsi. Ga yadda ake yi: a kwantar da kare da allurar barci, a aske wajen a wanke, a ɗan tsaga fata, sai a sa wata allura mai kauri da rami a cikinta, ana ce mata allurar Jamshidi, a riƙa murza ta da hannu tana shiga har tsakiyar ciwon, a zaro ɗan siririn ƙashi, yawanci sai an yi biyu ko uku. A jefa a ruwan fomalin a aika. A ɗakin gwaji kuma ba a yanka ƙashi yadda ake yanka tsoka, sai an jiƙa shi a sinadari ya yi laushi tukuna, shi ya sa sakamakon ke ɗaukar kwanaki, wani lokacin makonni, balle in sai an aika da shi Zariya ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato.

Matsalar ita ce ƙashin da za a murza wa allurar ba lafiyayye ba ne. Ka san azarar ɗakin da gara ta cinye, daga waje ka ganta a tsaye amma in ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, toh haka wannan ciwon yake yi, yana narkar da ƙashin daga ciki, ta waje kuma yana fesar da wani sabon ƙashi marar ƙwari tsinke-tsinke, shi ne taurin da kuke ji. Irin wannan ƙashin ko tsalle kare ya yi daga kan dakali zai iya ɓallewa, ina ga an ƙara masa rami. Ba kullum yake karyewa ba, mafi yawa ma ba ya karyewa, amma ranar da ya karye ba ɗorin da zai kama shi, a ranar dole a zaɓa ko dai a cire ƙafar ko a yi wa karen allurar mutuwa a hutar da shi, kuma a gaggauce, wataƙila kuna Babura da tsakar dare.

Sannan ba kowace huda ce ke kawo amsa ba. Daidaiton ta yana tsakanin kashi 80 zuwa 90 ne cikin 100. In allurar ta ɗebo daga gefen ciwon sai takarda ta dawo ta ce ƙashi ne mai ƙoƙarin warkewa kawai, ba a ga daji ba, alhali yana nan a tsakiya. An kashe kuɗi, an yi wa kare barci, an jira mako biyu yana kuka, an dawo inda aka fara.

Don haka tambayar da nake so ka zauna da Baba ku yi bayan sallar isha'i ba "mu huda ko kar mu huda" ba ce. Ka ce masa, Baba in takarda ta dawo ta ce daji ne me za mu yi, in kuma ta ce ba shi ba ne me za mu yi? In amsar biyun ɗaya ce toh hudar ba ta da aikin yi.

Misali in Baba ya ce shi ko mene ne ba zai yarda a cire ƙafa ba, maganin rage zafi kawai zai ba shi har Allah ya yi ikonsa, kaga sanin sunan ciwon bai canza komai ba, sai ƙarin wahala da haɗarin karaya. In kuma hoton ya nuna ƙashin ya riga ya lalace yadda ko wane irin ciwo ne ƙafar ba za ta tsira ba, kuma Baba ya yarda a cire, toh a cire kai tsaye a aika da ciwon gaba ɗayansa gwaji daga ƙafar da aka cire, barci ɗaya maimakon biyu, kuma amsar da za ta dawo ta fi inganci nesa ba kusa ba. Likitoci da yawa a ƙasashen waje haka suke yi wa girehawun in shekaru da wajen ciwon da hoton duk sun yi magana ɗaya.

Inda hudar ke da amfani shi ne inda akwai shakka ta gaske, wato akwai yiwuwar ciwon na warkewa ne kuma za a yi asarar ƙafa a banza. A Amurka, musamman Arizona da wasu sassan Kalifoniya, akwai wani ciwon funfuna da ake shaƙa daga ƙurar ƙasa yana sauka a ƙashi, a hoto sai ka rantse daji ne, shi ya sa su can suke fara tambayar inda kare ya taɓa zama. Mu nan abin da ya fi kamata mu yi tunani shi ne ƙwayar cuta ta shiga ƙashi ta rauni, kuma karen farauta ai rauni abincinsa ne. Ka tambayi Baba sosai ya tuna baya: an taɓa cizonsa a ƙafar nan, ko wajen faɗa da wani kare a kan nama, ko dila, ko haƙorin gadu, ko ƙayar beguwa, ko tarko? Ta taɓa karyewa aka ɗora? Akwai wani ɗan rami da ke tsiyayar ruwa ya rufe ya sake buɗewa? Jikinsa na zafi? Ka kuma tambayi likitan ko ciwon ya tsallaka gaɓa ya kama ƙashin da ke ɗaya gefen, don ostiyosakoma ba kasafai yake tsallake gaɓa ba, in ya tsallaka sai a fara tunanin wani abu daban. In ko ɗaya daga cikin waɗannan ya zama eh, na janye maganata, a ɗebi samfur, kuma a raba shi biyu rabi a duba daji rabi a shuka a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Amma kai ka ce min ba rauni ba ruwa ba mugunya.

Akwai hanya ta tsakiya da ban ji ka ambata ba, kuma ita nake so ka koma ka tambaya. Maimakon allurar murzawa, a sa siririyar allura irin ta sirinji a soka inda ƙashin ya yi laushi, in akwai na'urar sikanin ta nuna hanya ya fi, a zuƙo 'yan ƙwayoyin ciwon a shafa a gilashi a rina a duba. Ba a tsaga fata, sau da yawa allurar sanyaya jiki ta isa ba sai cikakken barci ba, haɗarin karaya kaɗan ne ƙwarai, kuɗin bai kai ba, amsa kuma kwana ɗaya ko biyu in akwai mai dubawa. Wani bincike da aka yi a Italiya aka fitar a 2017 ya gwada hanyoyin biyu a ciwukan ƙashin karnuka, dukansu suka ɗan haura kashi 80 wajen daidaito, kusan kunnen doki. Abin da take buƙata shi ne idon da ya saba, saboda haka ka tambaya wa zai duba gilashin. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na da masu wannan fannin, gilashin kuma ana iya aika shi ba sai an ɗauki kare ba.

Kafin ma duk wannan, in kuɗin gwaji ɗaya kawai kuke da shi, ni hoton ƙirji zan ce a yi, kwance ta dama, kwance ta hagu, da rigingine, uku kenan. Wannan dajin huhu yake gudu. Abin baƙin cikin shi ne wajen karnuka 9 cikin 10 ranar da aka gano ciwon ya riga ya aika 'ya'yansa huhu, sai dai ƙanana ne hoto ba ya kama su, waɗanda ake iya gani a hoto tun ranar farko ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Don haka hoto mai kyau ba ya nufin an tsira. Amma hoton da ya nuna ƙulluttai a huhu ya gama magana, ba huda ba dogon asibiti, sai a koma kan rage masa zafi.

Ga lissafin yadda yake, ka faɗa wa Baba shi ba tare da ka yi masa kwaskwarima ba, dattijo ne zai ɗauka. In an cire ƙafa kaɗai, rabin karnukan ba sa wuce wata 4 zuwa 5. In an haɗa da allurar kashe daji irin su kaboplatin ko doksorubisin, ana yi duk bayan mako uku sau huɗu zuwa shida, sai ya koma wajen wata 10 zuwa 12, kuma kamar ɗaya cikin biyar ne ke kai shekara 2. Cire ƙafa ba warkarwa ba ne, cire zafi ne, kuma a wannan ciwon ba maganin zafin da ya kai shi. Gashi da na'ura da suke yi wa karnuka a waje don rage ciwo kuwa mu bar maganarsa, a nan ko mutane layi suke bi.

Na san abin da Baba zai ce, wai ya za a yi a ga karensa da aka sani a dawa yana tsalle da ƙafa uku a tsakar gida. Wannan kunyar tamu ce, kare bai san ta ba. Yawancinsu cikin makonni kaɗan suke sabawa, naku ma ai tun yanzu da uku yake tafiya, ta huɗun kaya ce kawai mai zafi. Gaskiya ƙafar gaba ta fi wuyar rashi don su biyun na gaba ke ɗaukar wajen kashi 60 na nauyin jiki, amma siririn kare marar ƙiba ya fi kowa jurewa. Farauta dai ta ƙare masa ko an cire ko ba a cire ba, wannan a sa shi a rai. Kuma in Baba ya auna ya ga kuɗin tiyatar zai taɓa abincin gida don watanni huɗu ko biyar, ya ce a'a, ba wanda zai zarge shi, ni dai ba zan yi ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba guda biyu ne. Na ɗaya maɗori. Ina girmama su, akwai karayar da suke ɗorawa ta kama, amma wannan ba karaya ba ce, ja da murza da ɗaure kara na iya ɓalla ƙashin nan a hannunsa, haka sakiya ko tsaga, wajen da aka buɗe ba zai rufe ba. A daina gashin ruwan zafin ma da dannawa. Na biyu kemis. Kar ka sayo diklofenak ko ibuprofen na mutane ka ba shi, suna huda cikin kare su kashe ƙoda, za ka ga yana kashi baƙi kamar an zuba kwalta sai kuma labari. Akwai nasu irin su meloksikam da kaprofen, likita zai auna nauyinsa ya rubuta, yakan kuma haɗa da gabapentin. Tiramol kuwa ban da ma doka na kansa, a kare ba wani aikin kirki yake yi wa ciwon ƙashi ba in shi kaɗai ne. Kuma ko da wasa kar a haɗa meloksikam da allurar deksa ɗin nan da ake zuba wa kowace dabba a ƙauye, haɗin su biyun ke fasa hanji.

A gida a ɗaure shi gajeren ɗauri a inuwa kan buhu ko tsohuwar katifa, a raba shi da sauran karnukan, ranar fita farauta a kulle shi tun kafin a fara kiɗa don in ya ji zai zabura ya manta da ƙafar. In za ku koma Kano kar a ɗora shi a babur, kar kuma a bar shi ya yi tsalle daga bayan mota, a ɗauke shi a sauke.

Rana za ta zo da maganin zai daina riƙewa, ya ƙi abinci, ya kasa barci, ko ƙafar ta karye. Likita na da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba wahala. Allah ya halatta mana abin da horarren kare ya kamo, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 4, kuma gidanku ya ci naman da wannan ya kamo shekara da shekaru. Baba ya je wajen malamin da ya natsu da shi ya tambayi hukuncin hutar da dabbar da ke shan azaba tun yanzu, kar a bari sai ranar.

TAMBAYA

Salam Dokta. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a ƙauye, kwanan nan mafarautan wajenmu sun fara ajiye irin dogayen karnukan nan masu jinin girehawun suna kawo mana ɗinki da dandaƙa. Na ji ana cewa wai ba sa tashi daga allurar barci kuma wai suna zubar da jini bayan an gama aiki lafiya, gaskiya ne ko zancen shayi ne?

Daga yankin Wudil, Kano

AMSA

Malam ba zancen shayi ba ne, duka biyun akwai su, kuma ya shafi mai tambayar farko ma in sun yanke shawarar tiyata.

Barcin tukuna. Tsohuwar allurar nan tayopental, a karnuka na gari kitsen jiki ne ke janye ta daga jini kare ya farka, shi kuma girehawun ba kitse, ga hantarsa ba ta saurin narkar da ita, sai ka ga kare na kwance awanni yana shure-shure. A guje mata. Propofol ko haɗin ketamin da diyazepam sun fi, kuma a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kallo, kar a tura gaba ɗaya bisa lissafin nauyi. Jikinsu na saurin yin sanyi a kan tebur musamman da hunturu, a rufa musu, haka kuma in sun firgita zafin jiki na iya haurawa sosai, a riƙa aunawa.

Jinin shi ya fi ruɗa mutane, don lokacin aikin komai tsaf, ka ɗinke ka sallami mai kare, sai bayan awa 36 zuwa 48 a dawo maka da shi fatar ciki ko cinya ta yi jawur ta koma shuɗi-shuɗi, jini na tsattsafowa daga ɗinkin yana bazuwa ƙarƙashin fata. Mai kare zai ce kai ne ba ka ɗaure jijiya ba. A Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, inda Dokta Guillermo Couto da abokan aikinsa suka daɗe suna nazarin waɗannan karnuka, sun samu kusan ɗaya cikin huɗu na yin haka bayan tiyatar cire mahaifa ko dandaƙa. Jinin na daskarewa daidai, gudan ne ba ya da ƙwari yana saurin narkewa, shi ya sa gwajin daskarewar jini na yau da kullum ke fitowa lafiya lau ya yaudare ka. Maganin da ke tare shi aminokaproyik asid ne ko traneksamik asid, wannan na biyun ana samunsa a nan don ana amfani da shi wa mata masu zubar jini bayan haihuwa. Ana farawa ranar aikin a ci gaba kamar kwana biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, a tanade shi kafin a sa wuƙa, kuma likitan da ke kula da yankinku ya ba ka ma'aunin. Cire ƙafa kuwa ba aikin shago ba ne, a tura babban asibiti.

Ƙari ɗaya na wajenmu: kaska. Ciwon kaska na elikiya yana zubar da ƙwayoyin da ke toshe jini, kuma da wuya ka samu karen farauta ba kaska a kunne. A ɗebi jini a duba kafin aiki. Sai dai ka sani girehawun lafiyayye ma ƙwayoyin toshe jinin nasa da fararen ƙwayoyi sun ɗan yi ƙasa da na sauran karnuka, jajayen kuma sun fi yawa, saboda haka in ka ga nasa jajayen sun tsaya daidai da na karen gida, wataƙila ya riga ya fara rasa jini.

TAMBAYA

Dokta ina wuni. Karen maƙwabcinmu ƙafarsa ta kumbura ance daji ne, yarana kuma ba sa jin magana kullum suna wajen, sannan muna da namu karen na gadi. Ana ɗauka ne?

Daga wata uwa, yankin Sumaila, Kano

AMSA

Lafiya lau Hajiya, ki kwantar da hankalinki, dajin ƙashi ba ya tsallakawa daga kare zuwa mutum, ba ya kuma kama wani karen ta cin abinci tare ko lasa. Gado dai yana da hannu a ciki, shi ya sa ba a son a riƙa neman iri daga karen da ya fito masa.

Amma ki janye yaran duk da haka, don kare mai ciwo ko mai haƙuri ne in yaro ya faɗa kan ƙafar zai kai cizo, kuma cizon kare a wajenmu maganar ciwon haukan kare ce, wanda shi in ya nuna alama ba magani. Ki tambayi maƙwabcin ko an yi masa rigakafi, naku ma a yi masa duk shekara. In aka yi cizo a wanke wajen da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 a tafi asibiti ranar.

Akwai dai daji guda ɗaya da karnuka ke ɗauka a tsakaninsu, ta barbara, yana fitowa a gaban kare ko karya wani jan nama mai saurin fitar da jini, ana yawan ganinsa a karnukan da ke yawo sake. Shi ba ya kama mutum, kuma yana jin magani sosai, allurar binkiristin sau ɗaya a mako na wasu makonni takan share shi. In kin ga naku na ɗigar jini ta nan a kai shi a duba.